Tambayoyi da Amsoshi Kan Sousa Mendes, Ƙaramin Jakadan da Aka Mayar wa Muƙaminsa Shekara 34 Bayan Rasuwarsa

A ranar 18 ga Maris 1988 majalisar dokokin ƙasar Fotugal ta amince, ba tare da ko wakili ɗaya ya ja ba, a mayar da wani ma'aikacin jakadanci cikin sahun ma'aikata tare da ƙara masa girma. Ma'aikacin, Aristides de Sousa Mendes, yana kabari tun 1954. Laifin da aka raba shi da aikinsa a kai shi ne bai wa 'yan gudun hijira biza a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bayan gwamnatinsa ta hana. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi yadda aka cire shi, da yadda aka mayar da shi, da abin da ya salwanta a tsakanin biyun.

Wane ne Sousa Mendes, kuma wane muƙami yake riƙe da shi?

An haife shi a ranar 19 ga Yuli 1885 a ƙauyen Cabanas de Viriato da ke tsakiyar Fotugal, a gidan masu faɗa a ji, kuma ya karanta shari'a a Jami'ar Coimbra tare da ɗan tagwaicinsa César, wanda daga baya ya taɓa riƙe ministan harkokin waje. Ya yi aikin ƙaramin jakada a wurare da dama, ciki har da Zanzibar da Brazil da San Francisco da Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kafin a tura shi birnin Bordeaux na Faransa a 1938. Mabiyin ɗarikar Katolika ne mai riƙo da addini, yana da 'ya'ya 14 da matarsa Angelina. Ya kamata a lura da wannan tun farko: ba ɗan adawa ba ne da ke jiran ranar da zai kunyata gwamnati. Mutum ne da ya shafe kimanin shekara 30 yana cin albashin gwamnati, kuma bakunan da yake ciyarwa sun isa su sa kowane magidanci ya yi tunani sau biyu kafin ya taɓa abin da zai raba shi da aikinsa.

Wane umarni ne ya ƙi bi?

A ranar 11 ga Nuwamba 1939 gwamnatin António de Oliveira Salazar, wanda a lokacin shi ne firaminista kuma shi ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje, ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar umarni mai lamba 14. Takardar ta hana ƙananan jakadu bayar da biza ga wasu rukunan mutane sai da izini daga Lisbon, babban birnin Fotugal. Cikinsu akwai waɗanda ba su da ƙasa, da waɗanda ake jayayya kan ƙasarsu, da Rashawa, da Yahudawan da aka kora daga ƙasashensu, da duk wanda ba zai iya komawa inda ya fito ba. A rubuce, takardar ba ta ce kada a ba su ba. Cewa ta yi a nemi izini. A aikace kuwa, neman izini na nufin aika waya a jira amsa kwanaki ko makonni, amsar kuma sau da yawa ta zo da ƙi, alhali sojojin Jamus ba sa jiran kowa.

Me ya faru a Bordeaux a watan Yunin 1940?

Jamus ta afka wa Holan da Beljiyam da Luxembourg a ranar 10 ga Mayu 1940, ta shiga birnin Paris a ranar 14 ga Yuni, gwamnatin Faransa ta gudo Bordeaux, miliyoyin mutane kuma suka kwararo kudu a mota da keke da ƙafa. Ga wanda yake son barin Turai, hanyar da ta rage ita ce ya ratsa Sifaniya ya isa tashar jiragen ruwa ta Lisbon, Sifaniya kuwa ba ta barin mutum ya ratsa sai ya nuna bizar Fotugal. Shi ya sa ofishin Sousa Mendes da ke lamba 14, Quai Louis XVIII, a bakin kogin Garonne, ya cika ya tumbatsa. Ofishin da gidansa gini ɗaya ne, don haka mutane suna kwana a kan matakala da kujerun falo, wasu kuma a titi don kada su rasa layinsu.

Cikin waɗanda ya sauka a gidan akwai wani malamin Yahudawa da ya gudo daga Beljiyam, Chaim Kruger. Sousa Mendes ya yi masa tayin biza shi da iyalinsa, malamin ya ce ba zai karɓa ba alhali jama'arsa na waje suna jiran mutuwa. Maganar ta kayar da ƙaramin jakadan, ya kwanta kwana uku bai fito ba. A ranar 17 ga Yuni ya tashi ya sanar da cewa zai ba kowa biza ba tare da tambayar addini ko ƙasa ba. Daga nan aikin ya koma kamar na masaƙa: Kruger yana tattaro fasfo daga hannun jama'a, sakataren ofishin José Seabra yana buga hatimi duk da shi kansa yana tsoron abin da zai biyo baya, ɗan Sousa Mendes da ɗan ɗan'uwansa suna taya cike takardu, shi kuma yana sa hannu dare da rana, har ya taƙaita sa hannunsa zuwa "Mendes" kawai don sauri. Bayan haka ya wuce Bayonne, inda ƙaramin ofishin da ke ƙarƙashinsa ya cika da mutane, ya ci gaba da sa hannu, sannan ya isa Hendaye a kan iyakar Sifaniya. Lisbon ta aiko a dakatar da shi, aka ce bizar da ya bayar ba ta da inganci, aka umarce shi ya koma gida. Ya shiga Fotugal a ranar 8 ga Yuli.

Mutum nawa ya ceta?

Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 30,000, kimanin 10,000 daga cikinsu Yahudawa, amma masana tarihi da dama suna ganin an zuzuta shi. Littafin rajistar ofishin Bordeaux ya nuna biza ƙasa da 3,000 daga farkon Janairu zuwa 22 ga Yuni 1940, fiye da rabinsu a kwanakin ƙarshe. Sai dai biza ɗaya kan ɗauki iyali guda, kuma abin da ya sanya wa hannu a Bayonne da Hendaye bai shiga wannan littafi ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne mutanen sun kai dubbai. Cikinsu akwai sanannu irin su Otto von Habsburg, ɗan sarkin Ostiriya na ƙarshe, da mai zane Salvador Dalí, mafi yawansu kuwa talakawa ne da ba wanda ya san sunansu sai jikokinsu.

Wane hukunci aka yi masa?

An gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa na ma'aikatar harkokin waje bisa tuhumar ƙin bin umarni, da barin wurin aiki, da yin takardar bogi, da wasu laifuka. Ba dukkan tuhumar ce ƙage ba. Tun kafin Yuni ya ba wasu mutane biza ba da izini ba an kuma gargaɗe shi, sannan a watan Mayu ya yi wa wani matashi ɗan Luxembourg fasfon Fotugal da bai cancanta ba domin ya tsere. A takardar kare kansa bai musanta cewa ya saɓa umarni ba. Hujjarsa ita ce dalilin jinƙai ne ya tilasta masa, kuma abin da ya yi bai zubar da mutuncin ƙasarsa ba. Kwamitin ya ba da shawarar a rage masa girma. Salazar ya ajiye shawarar gefe, a ranar 30 ga Oktoba 1940 ya yanke cewa a dakatar da shi shekara ɗaya da rabin albashi, daga nan a yi masa ritayar dole. Yana da shekara 55.

Shin gwamnatin Salazar ba ta da hujja ko kaɗan?

Tana da ita, kuma wanda ya ƙi kallon hujjar ba zai gane nauyin abin da Sousa Mendes ya ɗauka ba. Fotugal ƙaramar ƙasa ce matalauciya da ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu a yaƙin, tana maƙwabtaka da Sifaniya wadda Janar Franco ke mulka, mai kusanci da Jamus, kuma tana tsoron dubban baƙi su shigo su maƙale saboda babu ƙasar da za ta karɓe su gaba. Ƙari a kan haka, tsarin aikin gwamnati ba ya tsayuwa idan kowane jami'i zai zaɓi umarnin da ya yi masa daɗi. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ita ce hujjar ma'aikatar a taƙaice: ka karɓi muƙami da hatimin ƙasa bisa sharaɗin za ka bi umarni.

Inda hujjar ta karye, a ganina, wuri biyu ne. Na farko, umarnin ya ware mutane ne bisa asalinsu da addininsu, kuma waɗanda ya ware su ne ainihin waɗanda mutuwa ke bi a baya. Na biyu, 'yan gudun hijirar da ya bai wa biza sun shiga Fotugal, aka zaunar da su a garuruwa daban-daban, mafi yawansu suka wuce Amurka da wasu ƙasashe, kuma Jamus ba ta kai wa Fotugal hari ba. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin nan ɗaya ta riƙa karɓar yabon duniya kan karɓar baƙi, mutumin da ya buɗe ƙofar kuwa yana zaune a gida babu aiki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin.

Yaya rayuwarsa ta kasance bayan an cire shi?

An ci gaba da biyan sa wani abu daga baitulmali, kuma masana sun saɓa kan yawansa, amma bai riƙe gida mai yawan jama'a da tarin bashi ba. Abokan aiki suka janye jiki. Akwai lokacin da shi da iyalinsa suke cin abinci a ɗakin ciyarwa da al'ummar Yahudawan Lisbon suka buɗe wa 'yan gudun hijira, kuma wani matashi da ke aiki a wurin ya ba da labarin yadda ya ga dattijo sanye da kwat yana magana da harshen Fotugal tsantsa, ya je ya gaya masa cewa wurin na 'yan gudun hijira ne, dattijon ya amsa masa cewa su ma 'yan gudun hijira ne. 'Ya'yansa suka watse, da yawa zuwa Amurka da Kanada. A 1945 ya samu shanyewar ɓarin jiki, Angelina ta rasu a 1948, shi kuma ya rasu a ranar 3 ga Afrilu 1954 a wani asibitin 'yan ɗarikar Franciscan a Lisbon. Babban gidan iyalinsa na Cabanas de Viriato ya fita daga hannunsu saboda bashi.

Me ya sa kotu ba ta mayar da shi ba tun yana raye?

Ya ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. A 1945 kuma ya rubuta wa majalisar dokoki yana cewa takardar umarni mai lamba 14 ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, wanda ya hana nuna bambanci saboda addini, kuma ba a share masa hawaye ba. Dalilin ya wuce cewa gwamnatin ta kama-karya ce. Kotun da ke duba korar ma'aikaci tana tambaya ne ko an tuhume shi, ko an ba shi damar kare kansa, ko wanda ya yanke hukuncin yana da hurumi. A duk waɗannan an cika wa Sousa Mendes ƙa'ida, shi kuma da bakinsa ya amsa cewa ya ƙi bin umarni.

Wanda ya san dokar aikin gwamnati a Najeriya zai gane wannan. Kotun Ƙoli ta sha mayar da ma'aikatan da doka ta kare aikinsu, kamar a shari'ar Shitta-Bey ta 1981, da ta Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, da ta malaman Jami'ar Ilori da aka kora a 2001 aka mayar a 2009. Ginshiƙin irin waɗannan hukunce-hukunce shi ne ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba wajen korar. Mutumin da aka bi duk matakan a kansa, laifinsa kawai lamirinsa ya hana shi aiwatar da umarni, ba shi da wannan ƙofar. Kafin a mayar da shi sai hukuma ta furta cewa umarninta ne ya kasance kuskure, kuma wannan furuci ya fi ƙarfin alƙalin ladabtarwa. Shi ya sa doka ce daga majalisa ta mayar da Sousa Mendes.

Gwamnatin kama-karya ta faɗi a 1974. Me ya sa aka ƙara shekara 14?

Tun a 1966 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ta sanya sunansa cikin waɗanda suka ceci Yahudawa, bayan ƙoƙarin 'ya'yansa, musamman 'yarsa Joana. Juyin juya halin 25 ga Afrilu 1974 ya kawar da gwamnatin da Salazar ya gina, kuma a 1976 wani jami'in ma'aikatar harkokin waje, Nuno Bessa Lopes, ya binciki fayil ɗin ya ba da shawarar a wanke shi. Rahoton ya kwanta a cikin ma'aikatar. Shugabannin siyasa sun canza, amma manyan ma'aikata da yawa waɗanda suka girma a tsohon tsari suna nan, kuma wanke wanda ya ƙi bin umarni tamkar tuhumar waɗanda suka bi ne. Sai da matsin lamba ya zo daga waje, ta hannun 'ya'yansa da ke Amurka da 'yan majalisar dokokin Amurka irin su Tony Coelho, sannan abin ya motsa. A 1987 Shugaban Fotugal Mário Soares ya miƙa wa iyalinsa lambar girmamawa ta 'yanci, a shekarar da ta biyo baya kuma majalisa ta zartar da dokar da ta mayar da shi cikin ma'aikatan jakadanci da muƙamin da ya fi wanda aka cire shi a kai, tare da biyan magadansa diyya.

Mene ne amfanin mayar da wanda ya riga ya rasu? Ba ihu bayan hari ba ne?

Ta fuskar shi kansa, ihu bayan hari ne, kuma bai kamata bukukuwan girmamawa su rufe wannan ba. Bai ji ƙuri'ar ba, matarsa ba ta ji ba, wasu daga cikin 'ya'yansa ma sun rasu kafin ranar. Shekarun da suka yi a watse a ƙasashen mutane ba sa dawowa da doka.

Duk da haka akwai abin da dokar ta yi wanda lambar yabo ba ta yi. Lambar yabo tana cewa mutumin kirki ne, ta bar hukuncin 1940 yana nan daram a fayil. Mayar da shi bakin aiki kuwa ya taɓa hukuncin kansa, domin ƙasa ba za ta ce wannan jami'inmu ne mai daraja ba tana kuma riƙe da cewa ya cancanci kora. Ga 'ya'yan da suka tashi ana nuna su a matsayin 'ya'yan wanda aka kora da kunya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma ma'aikatan da ke raye. Matashin da ya shiga aikin jakadancin Fotugal kafin 1988 abin da fayil ya koya masa shi ne wanda ya buɗe ƙofa ya mutu cikin talauci. Wanda ya shiga bayan 1988 ya tarar da sunan mutumin a jerin waɗanda ma'aikatarsa ke alfahari da su. Ban ce hakan zai sa kowa ya yi irin abin da ya yi ba, amma ya sauya abin da hukuma ta rubuta da hannunta game da iyakar biyayya.

Ta yaya za a bambance mai bin lamiri da mai taurin kai kawai?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, domin duk jami'in da aka kora yana iya cewa lamirinsa ne. Musulmi sun san ƙa'idar da ta ce babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma an ruwaito Sousa Mendes yana faɗin kusan haka da harshen addininsa, cewa ya gwammace ya kasance tare da Allah ya saɓa wa mutum. Amma ambaton Allah kaɗai bai isa shaida ba, tunda azzalumi ma yana iya ambata. Abin da ya sa na gamsu da shi abubuwa ne da ake iya dubawa. Ya yi abin a fili, da sunansa da hatiminsa a kan kowace takarda, ya san za a kirga su a kansa. Waɗanda suka amfana ba danginsa ba ne, da yawa ba addininsu ɗaya ba, kuma bai fita da dukiya ba. Da aka kira shi gida ya koma ya tsaya gaban kwamiti. Sannan ƙin bin umarnin nasa buɗe wa mutane hanyar tsira ya yi. Bai yi amfani da kujerarsa ya hana wani haƙƙin da doka ta ba shi ba. Jami'in da ya ƙi bin umarni domin ya danne wasu, ko ya fifita ra'ayinsa a kan hukuncin kotu da ke kare raunana, yana iya kiran abin lamiri, amma shari'arsa daban ce da wannan, kuma ba zan goyi bayan a mayar da shi da hujjar Sousa Mendes ba.

Akwai wanda aka mayar tun yana raye?

Akwai, kodayake ba su da yawa. Kanar Georges Picquart na sojan Faransa ya gano a 1896 cewa hujjar da aka ɗaure Kyaftin Alfred Dreyfus da ita ta nuna wani jami'in daban ne. Manyansa suka ce ya yi shiru, ya ƙi, aka tura shi Tunisiya, aka kore shi daga soja a 1898, aka kuma tsare shi. A watan Yulin 1906 majalisar Faransa ta yi doka ta mayar da shi da muƙamin birgediya janar, a watan Oktoba na shekarar kuma ya zama ministan yaƙi. A nan ma doka ce ta majalisa ta yi aikin, bayan siyasar ƙasar ta juya.

Wanda ƙaddararsa ta fi kama da ta Sousa Mendes shi ne Paul Grüninger, kwamandan 'yan sandan yankin St. Gallen a Suwizalan, wanda ya riƙa mayar da kwanan watan shigowar Yahudawa baya a takardu domin kada a kore su. An sallame shi a 1939, ya rasa fanshonsa, kotu ta same shi da laifi, ya rasu a 1972, kuma sai a 1995 kotu ta soke hukuncin.

Ina kabarinsa, kuma me ya faru da gidansa?

Gawarsa tana maƙabartar iyalinsa a Cabanas de Viriato. A ranar 19 ga Oktoba 2021 aka sanya allon tunawa da shi a Panteão Nacional da ke Lisbon, inda Fotugal ke karrama manyan mutanenta, ba tare da an ɗauke gawar daga ƙauyen ba. Gidan kuwa, wanda ake kira Casa do Passal, magadansa sun haɗa da kuɗin diyyar da aka biya su wajen sake sayen sa ta hannun wata gidauniya mai sunansa, a lokacin rufinsa ya riga ya fara zubewa. Ya ƙara shekaru a haka kafin a samu kuɗin gyara, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a ranar 19 ga Yuli 2024.